Tanadin Lafiya Kafin Shigar Ciki: Jagora Ga Mata Da Mazajensu

Sanannen abu ne cewa Bahaushe ba ya raina hidimar haihuwa. Tun ciki yana wata bakwai za ka tarar an fara tara itacen wankan jego, ana dakan yaji, maigida yana kewaya kasuwa yana tayin ragon suna, idan kuwa cikin fari ne a ɗauki yarinya a mayar da ita gaban iyayenta goyon ciki, domin ta haihu a hannun waɗanda ba ta jin nauyinsu. Duk wannan abin yabo ne, babu mai hankalin da zai kushe shi. Sai dai wanda ya zauna da likitoci, ya saurari bayaninsu a kan yadda Allah Maɗaukakin Sarki yake tsara halittar ɗan Adam a cikin mahaifa, zai gane cewa mun tara yawancin ƙoƙarinmu a ƙarshen al'amari, alhali kuwa lokacin da ya fi hatsari, wanda kuma dabara ta fi amfani a cikinsa, yana can farko, tun mace ba ta tabbatar ta yi ɓatan wata ba.

Dalili kuwa shi ne, bayan shigar ciki da kamar kwana 22 zuciyar ɗan tayi take fara bugawa, kafin kwana 28 kuma bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya riga ya rufe, ko ya rufe daidai ko ya rufe da tawaya, zuwa ƙarshen mako na takwas kuwa an gama aza asalin dukkan manyan gaɓoɓi. Mace mai lissafi a wannan lokaci tana cikin kokwanto ne, mara lissafi kuwa ba ta ma fara tunani ba, awon ciki kuma a wurinmu sau da yawa sai an shiga wata na biyar ko na shida ake zuwa. Ashe ke nan duk abin da jinin uwa ya ƙunsa a waɗannan makonni, na alheri ko na cuta, da shi aka yi ginin, kuma tun ran gini tun ran zane.

Kada wani ya ce wannan shiga hurumin ƙaddara ne. Malamanmu sun daɗe da bayyana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali, sun kuma lissafa kiyaye zuriya cikin larurori biyar da Shari'a ta zo domin ta tsare, tare da addini da rai da hankali da dukiya. Allah ne mai bayar da ɗa, shi ne kuma mai bayar da lafiyarsa, amma uba da uwa abin tambaya ne a kan abin da aka sanar da su suka yi sakaci da shi.

To, wata uku ya kamata ma'aurata su ware wa wannan shiri, ko amarya da ango ne, ko kuwa masu 'ya'ya da suke nufin ƙari. Farkon aiki shi ne su tafi asibiti su biyu, ba matar kaɗai ba, su gaya wa likita ko malamar asibiti a sarari cewa lafiyarsu lau, haihuwa suke nufi, suna son a duba su.

Gwajin da ya fi kowane nauyi a ƙasarmu shi ne na jinotaif, saboda amosanin jini, wanda aka fi sani da sikila. Babu ƙasar da ta kai Nijeriya yawan masu wannan ciwo a duniya, ana ƙiyasta cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da shi kowace shekara, kuma kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu yana ɗauke da irinsa, watau AS ne, yana yawonsa garau ba tare da ya sani ba. Idan miji AS ne matarsa ma AS ce, kowane ciki da za ta ɗauka yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, watau mai ciwon. A lura da kyau, na ce kowane ciki, domin mutane da yawa sun ɗauka cewa in an haifi ɗaya mai ciwon to ukun da za su biyo baya sun tsira, alhali lissafin sabo yake komawa a kowane karo, ta yiwu a jera uku masu ciwo, ta yiwu a haifi shida ba ko ɗaya. Haka kuma haɗuwar AS da AC tana iya kawo SC, wanda shi ma ciwo ne. Nawa ne daga cikin yaran da kakanninmu suka kira 'yan wabi, aka ɗora alhakin mutuwarsu a kan iska ko maita ko ƙashin uwarsu, waɗanda a haƙiƙa wannan ciwo ne ya ɗauke su, kuma rabinsa daga uban ya fito? Jihar Kano ta kafa doka a shekarar 2024 wadda ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, kuma wannan mataki ne mai kyau, amma doka ba ta da amfani ga wanda ya je ya sayi takardar ƙarya domin kada a hana shi wadda yake so. Wanda ya aikata haka ya ha'inci matarsa da surukansa, ya kuma ha'inci yaron da zai kwana yana kuka da ciwon ƙashi. A yi gwajin a wurin da aka amince da shi, in da hali a maimaita a wani wurin dabam, musamman a auren zumunci, inda jini ɗaya yake gudana a ɓangarorin biyu. Waɗanda kuwa suka riga suka yi aure sannan suka gano dukansu AS ne, su zauna da likita ya warware musu zaɓin da ke gabansu, su kuma ƙudura cewa duk jaririn da suka samu za a gwada shi da wuri, domin yaron da aka gane ciwonsa tun yana jariri, aka tsare shi daga cizon sauro, aka cika masa rigakafi, aka ɗora shi a kan magani, rayuwarsa ba ɗaya take da ta wanda sai da ya galabaita aka sani ba.

A jinin da aka ɗiba ɗin nan a nemi a duba rukuninsa da alamar da ake kira Rh. Matan da ba su da wannan alama kaɗan ne a cikinmu, amma idan mace tana cikinsu, mijinta kuwa yana da ita, jikinta yana iya ƙulla gaba da jinin 'ya'yanta, na fari ya tsira, na bayansa su riƙa zuwa da shawara mai tsanani ko su mutu a ciki. Maganin abin allura ce mai suna Anti-D, wadda ake yi cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari, kuma tana da tsada, saboda haka gara a sani tun da wuri a yi mata tanadi. A duba kuma ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da tunjere. Dukansu uku suna ratsawa daga uwa zuwa ɗa, dukansu uku kuma akwai abin yi: tunjere allurar fenisilin tana kashe shi, jaririn mai ciwon hanta ana yi masa rigakafi cikin awa 24 da haihuwa, mai ƙanjamau kuwa in ta riƙe maganinta da gaskiya, hatsarin da zai iya kai kashi 45 cikin ɗari yana sauka ƙasa da kashi biyar. Idan an sami ciwon sanyi, a yi wa miji da mata magani lokaci ɗaya, in gidan mai mata biyu ne ko uku a haɗa da abokan zama duka, in ba haka ba ciwon kewaya ɗakuna zai yi ta yi.

Yanzu sai maganar wata 'yar ƙwaya wadda araharta ta sa ake raina ta, ita ce folik asid. Wannan sinadari ne da jiki yake bukata wajen ƙirar sababbin ƙwayoyin halitta, kuma ƙarancinsa a makonni huɗun farko shi ne babban sanadin haihuwar jariri da ƙullutu ko ɓaraka a gadon baya, wanda yakan tashi ƙafafunsa a shanye, ba ya riƙe fitsari, wani lokaci kansa ya yi ta girma da ruwa, ko kuma a haife shi ƙoƙon kansa bai cika ba, wanda ba ya rayuwa. A shekarar 1991 aka bayyana sakamakon wani babban bincike da masana na Ingila suka jagoranta a kan matan da suka taɓa samun irin wannan ciki, aka ga cewa shan folik asid tun kafin ɗaukar wani cikin ya rage maimaituwar abin da kimanin kashi 70 cikin ɗari, a shekarar da ta biyo kuma wani binciken a ƙasar Hungari ya nuna yana tsare har waɗanda ba su taɓa gamuwa da shi ba. Ƙa'idar ita ce mikrogiram 400 kowace rana, a fara aƙalla wata guda kafin ciki, wata uku ya fi, a ci gaba har ciki ya cika mako 12. Wadda ta jira sai ranar awon farko aka ba ta, ta sami amfaninsa wajen ƙarin jini, amma ƙofar da ake so a tsare ta riga ta rufe. Akwai wani abin lura a nan: 'yar ƙwayar nan rawaya da aka fi samu a kemis ɗinmu yawanci mai miligiram 5 ce, watau ta ninka abin da ake bukata fiye da sau goma sha biyu. Wannan babban awo na waɗanda likita ya zaɓa ne, kamar wadda ta taɓa haihuwar mai irin wannan tawaya, da mai ciwon sukari, da mai farfaɗiya, da mai sikila, kuma yana rage ƙarfin Fansidar da ake ba masu ciki domin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. Saboda haka a karanta abin da aka rubuta a jikin kwalin, a kuma tambaya.

Ƙarancin jini kuwa shi ne ciwon da matanmu suka saba da shi har suka daina ɗaukarsa ciwo. Jiri in an miƙe, haki in an ɗauko ruwa, farin ido da farin tafin hannu, duk an mayar da su halin mace. Awon jinin wadda ba ta da ciki bai kamata ya gaza 12 ba a ma'aunin asibiti, wadda kuwa ta shiga ciki da jini kaɗan, cikin zai ƙara tatse ta, ta zo naƙuda ba ta da abin da za ta yi asara, zubar jinin da wata za ta jure ita ya kai ta kabari. Wata ukun nan na shiri su ne lokacin cike wannan giɓi. A sha maganin tsutsar ciki, a fara kwana cikin gidan sauro mai magani tun yanzu, a karɓi ƙwayar ƙarin jini in an ba da ita ko da tana baƙanta bayan gida, domin wannan ba illa ba ce. Abinci kuma ba sai na kanti ba: zogale da alayyafo da rama da miyar kuka, wake da gyaɗa da gero, ƙwai da kifi da nama gwargwadon hali, a biyo da lemo ko gwaba ko tumatir, domin tsaminsu yana taimakon hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe. Shayi kuwa yana hana wannan tsotsa, saboda haka a raba shi da lokacin cin abinci da kamar awa guda. Hanta tana ƙara jini ƙwarai, amma da zarar ana tsammanin ciki sai a janye daga yawan cinta, saboda bitamin A da ke cikinta yana da yawa, yawansa kuma yana cutar da ɗan tayi. Gishiri a sayi na leda mai aidin, a rufe shi, kada a bar shi a rana ko kusa da murhu, domin rashin aidin shi ke kawo maƙoƙo ga uwa da dakushewar basira ga ɗa.

A nan dole in juya ga maigida. Malam, ciyar da iyali nafaƙa ce da Shari'a ta ɗora maka, ba alfarma ba ce. Mutumin da zai tsaya wurin mai tsire ko mai shayi da dare ya ci nama da ƙwai shi kaɗai, ya shigo gida ya tarar da matarsa ta ci tuwo da miyar da ba ta ga ko ƙashi ba, sannan ya zauna yana fatan ɗa mai ƙarfi da kaifin hankali, bai yi wa kansa adalci ba, balle ita. Kuɗin tsiren nan na dare ɗaya, in an kai shi cefane, ya isa ya sauya tukunyar gidan.

Allurar tetanus, ciwon nan da ke sarƙe haƙora ya sandarar da jiki, wanda yake shiga jariri ta cibiya in an yanke ta da abin da ba shi da tsabta, guda biyar ce ga mace: ta biyu bayan mako huɗu da ta farko, ta uku bayan wata shida, ta huɗu bayan shekara, ta biyar bayan wata shekarar. Wadda ta cika biyar ta tsare kanta da jariranta tsawon shekarun haihuwarta. A fara tun yanzu, a adana katin.

Mai tsohon ciwo kuwa, shirinta ya fi na kowa muhimmanci. Hawan jini ba ya sallama, sau da yawa ba a sanin yana nan sai an auna, kuma idan awo ya kai 140 bisa 90 yana maimaituwa, to a daidaita shi kafin ciki, domin shi ne ke share fagen jijjiga, wadda take cikin manyan masu kashe mata wajen haihuwa a Arewa. Wasu magungunan hawan jinin, irin su lisinofiril, suna lalata ƙodar ɗan tayi, likita zai musanya su da waɗanda suka dace. Mai ciwon sukari ta sani cewa sukarin da ya hau a makonnin farko yana ƙara hatsarin ɓari da tawayar zuciya. Mai farfaɗiya kada ta kuskura ta ajiye maganinta da kanta, amma ta gaya wa likita nufinta, domin akwai irinsa, musamman wanda ake kira balfurowet, da ake ƙoƙarin kauce wa ga mai neman haihuwa. Akwai kuma wani ciwon zuciya da ke kama mata bayan haihuwa, mai zuwa da haki da kumburin ƙafa da kasa kwanciya, wanda likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka yi rubutu a kansa tun shekarun 1970 saboda yawansa a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego. Duk wadda ta taɓa yin wannan, lalle ne a ɗauki hoton zuciyarta a tabbatar ta warke kafin ta sake ɗaukar ciki, domin komawarsa a karo na biyu ta fi muni.

Abubuwan da za a bari suna da ɗan yawa, kuma wasunsu ba a zaton cuta gare su. Man bilicin yakan ƙunshi zaiba ko wasu sinadarai masu ratsa fata su shiga jini. Ƙwayoyin ƙiba da ake sayarwa a ɓoye suna tayar da sukari da hawan jini. Haɗe-haɗen kayan mata da na matsi waɗanda ba a san abin da aka zuba a ciki ba, a dakata da su. Kwalli na dutse yakan ƙunshi dalma, ita kuwa dalma tana maƙalewa a ƙashin mace shekara da shekaru, ta fito lokacin ciki ta shiga ɗa. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara a 2010, ɗaruruwansu, ba zai raina wannan magana ba. Taba da shisha da kodin da tiramol ba sai an faɗa ba, goro da kofi a rage, girki da itace a yi shi inda iska take wucewa. Duk maganin da za a saya a kemis, a fara cewa ana tsammanin ciki.

Sannan jiki yana bukatar hutu tsakanin haihuwa da haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a jira wata 24 bayan haihuwa kafin a ɗauki wani ciki, wata shida kuma bayan ɓari. Jiran wata 24 ɗin ya yi daidai da shekara biyun shayarwa da aka ambata a Suratul Baƙara, ya kuma yi daidai da hikimar iyayenmu da suke ƙyamar kwanika. Ciki a kan ciki yana kawo bakwaini da ƙaramin jariri, ya jefa na goye cikin tamowa. Haka nan shekarun uwa abin dubawa ne. Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa sun bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya tsakanin 1976 da 1979, suka tarar cewa mutuwa da wahalar naƙuda sun fi yawa ga 'yan mata ƙanana waɗanda ƙugunsu bai gama buɗewa ba, da matan da suka yi haihuwa da yawa, da kuma, fiye da kowa, waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba sai da abu ya ɓaci aka kawo su. Yawancin masu yoyon fitsarin da ake yi wa aiki a Babbar Ruga ta Katsina doguwar naƙuda ce ta kai su can. Idan an aurar da yarinya da ƙuruciya, jinkirta cikin fari har jikinta ya nuna rahama ce gare ta.

Namiji ma yana da nasa gyaran, gama maniyyi yana ɗaukar kimanin wata biyu da rabi kafin ya kammala, saboda haka tabar da aka sha yau da zazzaɓin da aka yi sakaci da shi suna iya bayyana a irin da za a shuka bayan wata uku. Idan shekara ta cika ana tare ba a sami rabo ba, ko wata shida in matar ta haura shekara 35, a je asibiti tare, a kuma fara da gwajin mijin, domin shi ya fi sauƙi da araha, kuma kaso mai yawa na rashin haihuwa daga wajen maza yake, ko da yake mata ne suke shan gori da jiƙe-jiƙe.

Abu na ƙarshe shi ne lissafi, kuma a nan mace Musulma tana da fifiko, tun da ta riga ta saba ƙidayar kwanakin haila da tsarki saboda salla da azumi. Abin da ya rage shi ne ta riƙa rubuta ranar da jini ya fara zuwa kowane wata. Ƙwai yana fita ne kimanin kwana 14 kafin haila mai zuwa, kwanaki biyar da suka gabaci fitarsa da ranar kanta su ne lokacin da aka fi samun ciki. Daga ranar farko ta hailar ƙarshe ake ƙirga kwana 280 a san lokacin haihuwa, wadda kuwa ta riƙe wannan rana ta sauƙaƙa wa ungozoma da likita aiki mai yawa. Idan haila ta wuce lokacinta da mako guda, a gwada fitsari, in ya nuna ciki a je a yi rajistar awo kafin wata uku ya cika, kada kunyar cikin fari ko tsoron bakin mutane ya sa a ɓoye wa malaman asibiti abin da ake iya ɓoye wa maƙwabta. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ga mai ciki sau takwas kafin ta sauka. Ranar zuwan farko ta tafi da katin allurarta, da takardun gwajin da aka yi mata da na mijinta, da kwalayen duk maganin da take sha, shi kuma maigida ya fara ajiye kuɗin mota na dare, ya kuma nemi mutum biyu cikin dangi waɗanda jininsu ya dace da nata, ya sami alkawarinsu tun yanzu.